Kaye Tamanin da Bakwai

Kaye tamanin da bakwai a kan tabarma.
An ɗauke wuta tun la'asar,
na maƙale tocila tsakanin kunne da kafaɗa
kamar mai gyaran rediyo.
Jan biro yana ta sheƙa, tawadarsa ta kusa,
ni ma ban fi shi sauran ƙarfi ba.

Barira ta ce, "Mushe, ga tuwo."
Mushe take kirana in ranta ya ɓaci.
Ta ce ɗan ga-ruwa ya zo sau biyu,
jarka ta koma dala talatin,
famfonmu kwana tara yana hamma.
Na ce albashi na kan hanya.
Ta ce, "Hanyar Agadas ko ta Difa?"
Ban tanka ba.

Shekara goma sha ɗaya ina kwantiragi.
Ina koya wa yara kogunan duniya
a garin da ake bin layi don bokiti guda.
Da guntun alli na sha zana musu teku,
ni da ban taɓa ganinsa ba.

Ajin zana a Garin Malam,
benci ashirin, sauran a ƙasa,
rana na ɗigowa ta ramukan rufi
tana zauna wa kowa a ka.
Ƙarfe takwas muryata ke fita,
ƙarfe goma ta dawo a dishe,
ta ce ba ta kai layin baya ba.

Kiyari, wanda ya fi mu duka lissafi,
bara ya ajiye alli.
Yana can bakin Kasuwar Dole
da kwalaben fetur jere kamar 'yan gaban aji,
ba surutu, ba tambaya,
kuma kafin magariba sun biya.
Ya ce, "Ma'azu, akwai wuri a tebur."
Na yi dariya, na hau keke,
dariyar ba ta raka ni gida ba.

Ran Talata na daka wa Tasalla tsawa
don ta kifa kai a kan benci.
Sai daga baya na ji
tun kafin asalatu take layin rijiya.
Da ni ne na da, da na tambaya.
Wancan ya san sunan kowa har na kakarsa,
yakan ɗinke taswira da zaren matarsa,
yakan tsaya bayan an kaɗa ƙarfe.
Ban san ranar da ya fita daga jikina ba,
bai yi mini sallama ba.

Likita ya ɗaure mini damtse, ya duba,
ya ce jini ya hau, in samu hutu.
Na ce nawa ake sai da tiya?
Bai yi dariya ba.

Duwatsun Birni su yini suna shan rana,
da dare su amayo ta a kan masu barci.
Haka nake.
'Ya'yana sun gane:
da sun ji ƙarar keke a zaure
sai wasa ya mutu a tsakar gida,
alhali ban ce musu komai ba.

Kaye na hamsin da biyu na Tasalla ne.
Ta kai mafarin Kwara can ƙasar Masar.
A gindin shafi, da ƙananan baƙaƙe, ta sa:
"Mushe, ka sha zuma da lemun tsami
saboda muryarka."
Na ɗora biro in ba ta sifili,
ya ƙi.
Na hura shi, na goga a tafin takalmi,
na girgiza, na sake hurawa.

Saura talatin da biyar.
Tuwo ya huce.
Ladan bai kira ba.